Harafin Da Ya Gagari Akawu

A shekarar da aka yi ta sallamar ma'aikata kamar ana kakkaɓe tabarma, sunan Malam Uwaisu na cikin jerin farko. Shekara ashirin da uku ya yi yana akawu a wata ma'aikata a Kaduna. Aikinsa ya ɗauki fayil daga wannan tebur ya kai wancan, ya buga hatimi, ya rubuta kwanan wata. Shi a ransa ya daɗe da yanke cewa duk ranar da ya bar ofishin nan rufin zai rufto. Da aka miƙa masa takardar sallama ya tsaya a bakin ƙofa ya ɗan jira, rufi ko motsi bai yi ba. Sai ya tattara matarsa Asama'u da 'ya'yansu mata uku da akwatin littattafansa, suka yo gida, wani ƙauye da ke gefen Makoɗa, inda gonar mahaifinsa take.

Yana da shekara tara aka ɗauke shi daga ƙauyen aka kai shi makarantar kwana, tun daga nan kuwa sai dai ya zo hutu ko ta'aziyya. Saboda haka mutanen garin suka karɓe shi da mutunci irin wanda ake yi wa baƙon da aka san ubansa. Ba wanda ke kiran sunansa, kowa sai ya ce Akawu. Sunan kuwa yana masa daɗi fiye da yadda zai yarda ya faɗa.

Lokacin ba sauƙi. Damina biyu a jere ruwa yana ɗaukewa da wuri, rumbuna sun yi ƙasa, sabulu da sukari sai an yi layi a Dambatta, a kan kuma dawo hannu rabbana. A gidaje da yawa an koma girki sau ɗaya a yini. Amma duk wannan bai raba Malam Uwaisu da abu ɗaya da ya taho da shi daga birni ba, wato jarida. Akwai wata 'yar jaridar Hausa mai shafi huɗu da ke fitowa kullum a Kano, Muntaka direban hayis ɗin garin shi ke taho masa da ita duk yamma, a naɗe a gaban mota, wani lokaci da tabon manja a jikinta. Labaran ciki ba su dame shi ba, ya san ba na daɗi. Shafin baya yake juyawa kai tsaye, inda ake buga wasan cike gidaje: wani zane mai ƙananan gidaje, wasu baƙaƙe wasu farare, ga tambayoyi a ƙasa, waɗansu amsarsu a kwance, waɗansu a tsaye, kowane harafi da gidansa. Kowace rana da fanninta. Yau manyan biranen duniya, gobe sassan jikin ɗan Adam, jibi namun daji. Mai haɗa wasan kuma ba ya tambaya haka kawai, sai ya cusa wani ɗan ilimi a ciki, ta yadda ko ba ka san amsa ba ka tashi da wani abu.

Abin da ba wanda ya sani, har Asama'u, shi ne da fensir yake cikewa, kuma da wuya ya wuce rabi. Sai washegari jarida ta zo da amsoshin jiya, ya shiga ɗaki ya turo ƙofa, ya ƙarasa sauran, sannan ya bi kai da biro. Daga nan ya fito da ita a hammata, shafin baya a waje, don kowa ya ga ba gida ko ɗaya da ya rage. Wani lokaci yana cikin kwafar amsar ya kan ce wa kansa, "Uwaisu, wa kake cuta?" Sai kuma ya amsa wa kansa cewa ai da an ba shi lokaci zai tuna.

Bayan la'asar dattawan garin kan taru a rumfar Tasi'u mai facin keke. Nan Akawu ke sauke kayansa.

"Kun san cikin giwa wata nawa ne?"

"Sai ka faɗa, Akawu."

"Wata ashirin da biyu!"

"Ikon Allah," in ji Baba Mati, wani tsoho wanda gonarsa ke iyaka da ta Uwaisu. "Allah ya sauke ta lafiya."

Ya gaya musu ƙashin wuyan raƙumin dawa guda bakwai ne, daidai da na mutum. Ya gaya musu hasken rana sai ya yi minti takwas a hanya kafin ya iso ƙasa. Tasi'u ya ɗago kai daga tayar da yake gogewa ya ce, "To da ma zai ƙara daɗewa a hanyar, ko gero ya huta." Ranar da ya ce idon jimina ya fi ƙwaƙwalwarta girma, aka yi dariya sosai, har wani ya ƙware. Shi dai ya ɗauka ilimin ne ya burge su. Kusan kullum kafin a tashi sai wani ya tambaye shi ko jaridar ta faɗi ranar da ruwa zai dawo, shi kuma ya ce ba fannin ke nan ba.

Gonar kuwa da kansa ya ce zai nome ta. Shekara da shekaru tana hannun masu aro, kowa ya ci ya tashi ba wanda ya zuba mata ko kwandon taki. Yayarsa Hure, wadda mijinta ya rasu take zaune a ƙarshen gari tana noma 'yar gonarta da hannunta, ta ce ya bari ta nuna masa yadda ake yi. Ya ce haba Yaya, mutumin da ya riƙe fayilolin lardi guda ai gona ɗaya ba za ta gagare shi ba. Ya shuka dawa. Tafin hannunsa ya yi bororo ya fashe ya sake yi, bayansa ya riƙe, har sai da Asama'u ta riƙa gasa masa da ruwan zafi. Dawa ta fito, ta kai gwiwa, ta tsaya nan. Ganyenta ya yi rawaya-rawaya kamar mai ciwon shawara. Ta Baba Mati da ke gefe, duk da ƙarancin ruwan, ta kai kafaɗa. Uwaisu ya duba ya duba, ya ɗora laifin a kan fari da gwamnati, ya kuma yi zargin ko gajimare na nuna bambanci a kan iyaka.

Abu ɗaya ne ya yi albarka a gonar. Wajen tsakiyar damina wani siririn tsiro ya fara fitowa a gindin dawar, da farko jefi-jefi, daga baya ko'ina. Da ya yi fure sai gonar ta zama abin kallo: furanni ja-ja masu ɗan duhu, a jere a kan kara, iska na kaɗa su. Uwaisu ya tsaya da fartanya a hannu ya ji wani abu ya taɓa masa zuciya. Irin wannan ya kan gani a ƙofar gidajen manyan ma'aikata a Kaduna, har da mai ba su ruwa na musamman. Ga shi shi Allah ya ba shi kyauta. In yana noma sai ya kewaye su a hankali don kada bakin fartanya ya taɓa su. Ran nan ya yanko damƙi guda ya kawo wa Asama'u, ta wanke kwalbar man gashi ta zuba ruwa ta dasa su a kan taga. Ita haifaffiyar Fagge ce, iyakar saninta da dawa a kwano ne.

"Malam, ashe ƙauye ma akwai abin kyau," ta ce.

"Akwai mana. Mutanen ne ba su san darajarsa ba. Kin ga kowa sai ya tuge nasa ya yar."

Masu wucewa ta hanyar gonar sukan rage tafiya su yi kallo, su ce, "Sannu da aiki, Akawu," ya ɗaga musu hannu. Wasu har su tsaya su riƙe baki. Shi kuwa ya ƙara gyara tsayuwa.

Ana cikin haka tayar motar Muntaka ta fashe a hanyar Dambatta, ta biyu a wata ɗaya. Aka nemi taya a Kano aka rasa, sabuwa ko tsohuwa. Muntaka ya jingine mota a kan duwatsu, ya hau bayan babur ɗin wani ya dawo gida, jaridar ranar a aljihunsa.

"Akawu, ga ta ƙarshe. Sai kuma ranar da Allah ya kawo taya."

Uwaisu ya shiga ɗaki ya juya shafin baya. A saman zanen an rubuta fannin ranar da manyan baƙaƙe: NOMA. Ya yi murmushi ya feƙe fensir. Shi da ya yi fama da biranen da ko sunansu bai iya furtawa ba, yau an kawo masa abin da ke ƙofar gidansa.

Ya sami gero. Ya sami rumbu. Ya sami dami da lauje. Daga nan fensir ya tsaya.

Shukar da ake yi a busasshiyar ƙasa tun ruwa bai sauka ba, harafi biyar. Noma na biyu bayan na fari, harafi shida. Ganyen dawa da ake zagewa a ba dabbobi, harafi bakwai. Ciwon da ke mai da zangarniya baƙin gari, harafi goma. Kowace tambaya ya karanta sai ya ji kamar ya taɓa jin kalmar, can da daɗewa, a bakin mahaifinsa, amma ta ƙi fitowa. Ya kwana biyu yana juya takardar. Ba jaridar gobe, ba amsoshi, ba ƙofar da zai turo. Asama'u ta lura jarida ta daina fita a hammata, ta tambaye shi ko lafiya, ya ce yana nazari ne.

Rana ta uku dabara ta faɗo masa. Ya ninke jaridar ta yi ƙanƙanta ya sa a aljihun gaba, ya nufi rumfar Tasi'u.

"Yau ni ba zan gaya muku komai ba," ya ce bayan an gaisa. "Gwada ku zan yi, in ga ko kun san sana'arku. Me ake kiran shukar da ake yi tun ruwa bai sauka ba?"

"Binne," mutum huɗu suka faɗa tare.

"Daidai." Ya gyaɗa kai irin na malamin da ɗalibansa ba su ba shi kunya ba. "Noma na biyu fa?"

"Maimai."

"Madalla. Ganyen dawa da ake zagewa?"

"Karmami. Akawu, ka kawo mai wuya mana."

"Ciwon da ke mai da zangarniya baƙin gari?"

"Burtuntuna, Allah ya raba mu da ita," in ji Baba Mati.

Ya ce musu yana zuwa, ya zaga bayan rumfa kamar mai neman wurin tsuguno, ya zaro takarda ya rubuta da sauri tun bai manta ba. Kowace kalma ta shiga gidajenta cif. Ya dawo ya ci gaba, ya sake zagawa. Zagawa ta uku Tasi'u ya ce, "Akawu, ko a jiƙo maka kanwa ne?"

Kafin rana ta yi sanyi an cike komai sai kalma ɗaya, ta goma sha huɗu a kwance. Tambayar ta ce: tsiron da ba ya neman abincinsa da kansa, sai ya maƙale a saiwar dawa ya tsotse ta, tushe ɗaya kan zubar da iri dubu hamsin. Harafi shida. Kalmomin da suka gitta sun ba shi biyar: Ƙ, U, D, U, sai gida ɗaya fari fat, sai I. Tun a bayan rumfa ya gwada kalma ɗaya tak da ya sani mai wannan siffa, ƙuduri, irin wanda ake zartarwa a taron ofis. Ya sha ganin ƙudurin da ya tsotse mutane, amma bai taɓa ganin wanda ya zubar da iri ba.

Ya gyara murya ya karanto musu tambayar da ka, har da iri dubu hamsin ɗin, yana jan "dubu hamsin" don ta shiga kunne.

Wannan karon Tasi'u ya sunkuyar da kai ya dage da goge tayar da ya riga ya gama gogewa. Biyu daga cikin dattawan suka dubi juna. Baba Mati ya yi tari, ya kaɗe goro daga gemunsa.

"To, Akawu," ya ce a hankali, "wannan kam ai a bakinka ya kamata mu ji. Duk garin nan wa ya kai ka saninsa?"

Uwaisu ya ji daɗin maganar, ya kuma rasa yadda zai yi da ita. Ya yi 'yar dariya ya ce zai bar su su kwana suna tunani. Yana tafe gida yana jin haushin kansa: an yabe shi, an kuma bar shi da gida ɗaya a buɗe.

Washegari da hantsi ya nufi gidan Yaya Hure. Ita ba ta zuwa rumfa, in ya tambaye ta maganar ba za ta fita ba. Ya same ta a tsakar gida ta baza ganyen tafasa a tabarma tana tsince shi, wanda za ta dafa ta kwaɗa da ɗan ƙuli ya zama abincin rana. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya tambayi awakinta, ya yi zancen ruwa, ya kewaya ya kewaya.

"Uwaisu, faɗi abin da ya kawo ka. Tun kana yaro in kana son abu haka kake sosa ƙeya."

Ya sauke hannunsa daga ƙeya. "Yaya, wata 'yar tambaya ce ta jarida. Ba wai ban sani ba ne, ya dai kwanta mini. Wai wani tsiro ne da ke kama saiwar dawa yana tsotsa."

Hure ta daina tsintar ganye. Ta dube shi, ta daɗe tana dubansa, kamar mai son tabbatarwa ba wasa yake ba. Sannan ta miƙe ta yafa mayafi ta zura takalmi.

"Taso."

"Ai faɗa kawai za ki yi, Yaya."

"Na ce taso."

Ta yi gaba yana biye, suka ratsa ta bayan gari, suka bi ta tsakanin gonaki, har bakin gonarsa. Furannin sun buɗe da hasken safiya, gonar ta yi ja har ƙarshenta. Hure ta shiga, ta zaɓi wani tushen dawa da ya ƙanjame, ta sa hannu biyu ta tumɓuke shi gaba ɗaya. Ta karkaɗe ƙasar ta miƙo masa dab da hancinsa. Ga saiwar dawar nan 'yar siririya, ga kuma fararen jijiyoyin mai furen sun naɗe ta sun manne kamar kaska a kunnen kare.

"Ga shi nan. Ƙuduji. Gaishe shi, ai kun saba."

Uwaisu ya dubi saiwar, ya dubi gonar. Ya tuna yadda yake kewaye su da fartanya, yana ma ɗan tara musu ƙasa a gindi. Ya tuna kwalbar da ke kan taga. Ya nemi kunya guda ya zauna a kai.

"Dubu hamsin," ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Kowane ɗaya."

"Ni ban ƙirga ba. Na dai san in ya zuba, jikokinka ma sai sun gaisa da shi."

"Yaya, don Allah me ya sa ba wanda ya gaya mini?"

"Ni nan sau biyu ina zuwa. Na farko na ce Uwaisu, abin nan da ke fitowa a gonarka, ban rufe baki ba ka ce in tsaya ka gaya mini labarin wuyan raƙumin dawa. Na biyu ka ce a Kaduna sayensa ake yi. To me zan ce? Su kuma mazan gari cewa suka yi ba banza ba. Wasu suka ce bincike kake yi, gwamnati ce ta turo ka a ɓoye. Wasu suka ce magani za ka haɗa. Mati har faɗa ya yi da mutane a kanka, ya ce mutumin da ya san nisan rana ba zai bar ƙuduji a gonarsa don rashin sani ba. Kullum da sassafe yana nan bakin iyaka yana tuge wanda ya tsallaka masa, bai taɓa ce maka uffan ba."

Wannan ta ƙarshen ita ta fi yi masa ciwo. Ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa na ofis da ƙasa ta cinye. Abincin 'ya'yansa na shekara ne a tsaye a gabansa, ya yi wata biyu yana yi wa ɓarawonsa hidima. Ya ji ƙwalla ta taru masa. Kuma a cikin wannan hali, abin kunya, wani ɓangare na zuciyarsa sai raɗa masa yake: J ne. Harafin J ne. Ya yi ƙoƙarin ya share, abin ya ƙi. Da Hure ta juya tana tuge wani, ya zaro jaridar a hankali ya ɗora a gwiwa ya cike gidan.

"Ka gama?" ta ce ba tare da ta waiwayo ba. "To ajiye ka kama. Daga gindi ake tugewa, kada ka girgiza shi."

Da yamma bai je rumfa ba, gidan Baba Mati ya wuce. Ya same shi a zaure yana gyaran ƙotar fartanya. Ya cire takalmi ya zauna a ƙasa, abin da bai taɓa yi ba tun dawowarsa.

"Baba, na zo neman gafara. Ba bincike nake ba. Wallahi ban san shi ba ne. Kyau ya yi mini."

Tsohon ya ajiye ƙotar. Ya buɗe baki zai yi magana, sai kafaɗunsa suka fara rawa. Ya yi ƙoƙari ya danne, ya kasa, ya kama dariya har da hawaye, yana cewa, "Astagfirullah, Akawu, ka yafe ni, ba kai nake wa ba." Uwaisu ya ce ai ko shi ne ma ba laifi, shi ma tun safe yake yi wa kansa, tasa ce dai ba ta fitowa.

"Tambayoyin jiya fa?" in ji Mati yana share ido.

"Su ma ban sani ba. A bayan rumfa nake rubutawa."

"Tasi'u ya faɗa. Ya ce ciwon ciki ba ya sa mutum ya dawo da fensir a kunne."

Washegari bayan sallar asuba liman ya yi magana, gari na wayewa mutum goma sha ɗaya suka shiga gonar Akawu. Ba wanda yake da ƙarfin kirki a jikinsa a wannan shekarar, amma kowa ya san in irin ya bushe ya tashi, gonarsa ma ba za ta tsira ba. Suka jeru suna tugewa suna tarawa. Tsiya kuwa ya sha ta. Wani ya ɗago tushe ya ce, "Akawu, wannan cikinsa wata nawa ne?" Wani ya tambaya ko a ware masa masu kyau ya kai Kaduna. Ya amsa kowacce da "Na yarda, ku ƙara," yana tugewa har hannunsa ya sake fashewa. Asama'u ta aiko da kunun tsamiya a babbar ƙwarya, ba sukari, aka sha aka gode. Ita da kanta ta fitar da na kan taga ta jefa a murhu, ta kwana biyu ba ta yarda ta haɗa ido da matan maƙwabta ba.

Kwana uku aka yi. Aka tara shi tsibi-tsibi a gefen hanya, da ya sha rana aka cinna masa wuta. Baba Mati ya murza wani busasshen kai a tafinsa ya nuna wa Uwaisu: wani baƙin gari ne mai laushi, ko ƙwaya ɗaya ba a iya warewa da ido.

"Wasu sun riga sun zuba. Ba aikin shekara ɗaya ba ne. Taki za ka ba ta, ka huta da dawa a nan tukuna, ka sa gyaɗa da wake. In ya leƙo ka cire shi tun bai yi fure ba."

"To, Baba." Wannan karon bai ƙara da komai ba.

Da kaka ta yi, gonar da mahaifinsa kan ɗauke dami sittin ta ba shi tara, su ma ƙanana. Hure ta aiko da uku daga nata, ya ce ba zai karɓa ba, ta ce ba shi ta ba wa ba, 'ya'yanta ta ba. Asama'u ta koyi kwaɗon tafasa da na rama a wurinta, ta kuma fara suyar ƙosai da safe. Da haka aka lallaɓa. Muntaka ya sami taya bayan mako biyar, jarida ta dawo, Uwaisu ya ci gaba da wasansa, sai dai yanzu a rumfar Tasi'u yake baza ta a fili, wanda ya sani ya faɗa, wanda ya gagara a bar shi a buɗe har gobe.

Da rani ya shiga ya tara takin awakin Hure da sharar gidansa da tokar murhu, ya je aron jaki wurin Baba Mati. Tsohon ya nuna masa yadda ake ɗora mangala a daidaita nauyin ɓangare biyu. Ya ɗora, ta zame ta zube masa a ƙafa. Ya sake, ta zube ta ɗaya gefen. A karo na uku ta zauna. Ya ɗauki sanda ya bi bayan jaki yana tafe yana jin kansa manomi, har yana amsa gaisuwar mutane da ɗaga sanda. Jaki kuwa ya san hanyarsa tun Uwaisu na Kaduna. Da suka isa mararraba ya karkata dama, ya ratsa ta ƙofar da ya saba, ya tsaya cak a inda ya saba tsayawa. Uwaisu ya kwance mangala ya juye taki, ya baza shi da ƙafa, ya tsaya yana haki yana duban aikinsa. Sai da ya ɗago kai ya ga bishiyar ɗorawar da ke kan iyakar gonarsa da ta Baba Mati a gefen da bai kamata ta kasance ba.

Baba Mati na tsaye a bakin iyaka da hannuwa a baya.

"Allah ya saka da alheri, Akawu. Na karɓa."

"Baba, kuskure ne, jakin ne ya..."

"Na sani. Amma ya riga ya taɓa ƙasa."

Kaya na biyu Uwaisu bai yarda ya bi baya ba. Igiya ya ɗaura wa jakin a wuya ya shige gaba yana ja, jaki na turjewa, suna tafe suna gardama har cikin gonarsa.